A Maido da Yaro Tukuna, Sannan a Zauna Shari'a

Idan baƙo ya ɗauke yaro a Marwa ko Garwa, a arewacin Kamaru, gari ne ke tashi gaba ɗaya. Ladan ya yi cigiya bayan salla, hoton yaron ya zaga wayoyi kafin la'asar, 'yan kilando, wato 'yan acaɓa, su baza ido, jandarma su tare hanyar fita gari. Amma idan uban yaron ne ya zo gidan su tsohuwar matarsa ya ce zai kai shi kasuwa a gwada masa takalmin salla, daga nan ba a sake ganin ƙeyarsu ba, sai unguwa ta yi tsit. Masu zuwa jaje ma a ɗarare suke shigowa, kuma maganarsu ba ta wuce, "Ki yi haƙuri 'yar nan, ai hannun ubansa yake." Ita kuwa ba ta san ko Mubi aka nufa da shi ba, ko Njamena, ko Duwala. Ta kira lambar mutumin, a kashe. Ta je gidan iyayensa, kowa ya rantse bai san inda yake ba.

Ni a wurina wannan laifi ne, ko uba ya aikata shi ko uwa, kuma Kamaru na bukatar doka ta musamman a kansa. Dokar da za ta ce duk yaron da aka ɗauke a ɓoye daga gidan da yake zaune, a maido shi can cikin 'yan kwanaki, sannan a zauna a ji hujjar kowa. Wanda ya yi ƙwace kada ƙwacensa ya zame masa hujja.

Koyarwa nake yi a makarantar firamare, kuma mu malamai muna cikin masu fara ganin abin. Ana tsakiyar shekara, benci ya zama babu kowa. Ka kira suna Litinin, shiru. Ka kira Juma'a, shiru. Ba wanda ya zo neman takardar canjin makaranta. Can sai uwar ta bayyana a ƙofar aji, ba don ta kawo uzuri ba, don ta tambaya ko wani daga cikin abokansa ya ji ya ambaci wani gari. Wani lokacin ma daga ƙofar makarantar aka ɗauke shi, domin mai gadi ba ya hana uba ɗansa, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa ya hana.

A wurinmu abin ya fi sauƙi fiye da ko'ina, saboda yadda Allah ya ajiye mu. Daga Kusiri, gadar Ngeli kawai za ka haye kan kogin Logon ka shiga Njamena. Fotokol da Gamboru ruwa ɗaya ya raba su. Amcide da Banki kusan gari ɗaya ne mai ƙasa biyu. Mutumin Garwa da wuya ka ga ba shi da dangi a Yola, na Gidar da Mokolo suna da su a Mubi. Wanda ba ya son fita ƙasar ma, jirgin ƙasa na dare daga Gaundare ya ishe shi, gari na wayewa yana Yawunde, ya shige unguwar Birikitiri ya ɓace cikin Hausawa 'yan uwansa. Aure tsakanin ƙasashen nan alheri ne, da shi kakanninmu suka ƙulla zumunta tun kafin Turawa su zana iyaka. To amma ranar da auren ya mutu, wannan iyakar da ba ta tare mai tafiya ita ce ke tare mai nema. Namiji riƙe da hannun yaro ba wanda ke tambayarsa komai a shinge, in ma an tambaya ya ce "ɗana ne", kuma gaskiya ya faɗa. Uwar da ta biyo sawu kuwa, da ta haye gada ta zama baƙuwa, takardunta na wata ƙasa, kukanta na gaban hukumar da ba ta san ta ba.

Ba maza kaɗai ke yi ba. Akwai matar da za ta yi sabon aure a Gabon ko Kudu ta tattara 'ya'ya ta tafi, uban ya wayi gari ba ɗa ba labari, har a sauya wa yaron sunan uba. Wannan ma zalunci ne, kuma dokar da nake nema ta hau kanta. Sai dai abin da idona ya fi gani shi ne uba da danginsa, domin su ke da kuɗin mota, kuma su al'ada ke tsaya wa.

Mutane kan ce ai yaron ba abin da ya same shi, yana ci yana sha. Wanda ya faɗi haka bai zauna da irin yaran nan ba. Domin a kwantar masa da hankali sai an yi masa ƙarya: ko a ce uwarka ta mutu, ko a ce ita ta ce ba ta son ka. Da wannan ƙaryar zai girma. Sannan uban da ya yi ƙwacen sau da yawa ba shi zai yi riƙon ba, fatake ne ko direba, sai ya miƙa wa matarsa ko goggon yaron ya kama hanya. Wani kuma makarantar allo mai nisa zai kai shi ya damƙa wa malam, ba don son karatu ba, don dai kada uwar ta san inda yake. Karatun boko ya tsinke, domin yaron da ya fara da Faransanci a Marwa in aka jefa shi ajin Turanci a Mubi sai ya koma baya. Takardar haihuwarsa tana cikin akwatin uwarsa, don haka sai a je a yi masa wata, da sabon wurin haihuwa da sabuwar shekara. Ranar da za a neme shi a rubuce, yaron da ake nema babu shi.

Babbar hujjar masu kare wannan ɗabi'a ita ce, "Ɗa na ubansa ne, haka addini ya ce." A nan nake son in daɗe, domin yawancin masu faɗin haka ba su buɗe littafin ba.

Imam Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya auri wata mata daga cikin Ansar, ta haifa masa Asim, daga baya suka rabu. Wata rana Umar ya je Ƙuba ya tarar da yaron yana wasa a harabar masallaci, sai ya kama damtsensa ya ɗora shi a gabansa kan abin hawansa. Kakar yaron ta wajen uwa ta cim masa, ta ja da shi, har suka je gaban Sayyidina Abubakar, lokacin shi ne Halifa. Umar ya ce ɗana ne, matar ta ce ɗana ne. Abubakar ya ce wa Umar ya sakar mata yaron. Umar bai maido masa da magana ba. A lura da wanda ake zance: Umar ne, wanda ba a taɓa shakkar adalcinsa ko iya tarbiyyarsa ba, kuma ba uwar ce ma ta tare shi ba, kaka ce. Bai tsallaka iyaka da yaron ba, bai ɓoye shi ba, a fili ya ɗauke shi da rana tsaka. Duk da haka aka ce ya mayar, ya kuma mayar. To, wane ne kai, mai shago a kasuwar Marwa, da za ka ce zuciyarka ta fi ƙarfin ka jira alkali?

Risala, wadda duk ɗan makarantar zaure a ƙasar nan ya bi ta kanta, ta faɗi hukuncin ba kwana-kwana: bayan saki, riƙon ɗa na uwa ne har namiji ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare. In uwar ta rasu ko ta yi wani aure, riƙo ya koma ga kaka, sannan 'yar uwar uwa. Wato al'adar nan tamu ta cewa da an yaye yaro sai dangin uba su aiko a karɓe shi, al'ada ce kawai, mazhabar Malikiyya da muke bi ba ta ce haka ba. Uba yana da nasa, kuma babba ne: nasaba tasa ce, walicci nasa ne, kula da karatu da tarbiyya yana wuyansa, ciyarwa da tufatarwa ma haka. Alƙur'ani a Suratul Baƙara, aya ta 233, ya hana a cutar da uwa ta hanyar ɗanta, ya kuma hana a cutar da uba ta hanyar ɗansa. Dukansu biyu ayar ta kare.

Na san wani malami zai ɗaga Muhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya na Shehu Halil, ya ce ai an yarda uba ya tafi da ɗansa idan zai ƙaura zuwa gari mai nisan baridi shida, wato sama da kilomita 100. Gaskiya ne, yana nan. Amma an gindaya sharuɗɗa: ƙaura ce ta zama ba fatauci ko yawo ba, hanya ta kasance da aminci, garin da za a ma haka. Wa zai tantance an cika su? Alkali, a gaban uwar, tana ji tana gani. Ba inda aka rubuta cewa ka yaudari yaro da alawa ka cusa shi a mota. Kuma a shekarun nan da hanyoyin Mora da Kolofata da bakin tafkin Cadi suka zama abin da suka zama, sharaɗin amincin hanya ba ƙaramin sharaɗi ba ne.

Dokar gwamnati fa? Ba za a ce babu komai ba. Kundin hukunta laifuka na ranar 12 ga Yuli 2016 yana da sashe na 179, wanda ya tanadi ɗaurin wata 1 zuwa shekara 1 da tarar sefa 5,000 zuwa miliyan 1 ga wanda ya ƙi miƙa yaro ga wanda kotu ta ba riƙonsa. Ya kuma hukunta hana ziyara da ƙin biyan kuɗin ciyarwa da kotu ta yanka. Matsalar tana cikin kalmomin "kotu ta ba". Aurenmu nawa aka ɗaura a gaban magajin gari? Yawanci a zaure ake ɗaura shi da goro da dabino, ya mutu da takarda mai layi uku da aka ba ƙanen miji ya kai. Ba kotu, ba hukunci, ba wanda ya rubuta inda 'ya'ya za su zauna. Matar da ta je ofishin jandarma da kuka, tambayar farko ita ce, "Madam, ina takardar kotu?" Babu. "To wannan maganar gida ce, ku je ku sasanta." Kafin ta nemi kuɗin shigar da ƙara, a sa rana, a ɗage, a sake ɗagewa, yaron ya yi shekara a wata ƙasa.

Akwai ma abin da ya fi wannan. Dokar rajistar haihuwa da aure ta 29 ga Yuni 1981 ta tanadi cewa ga 'ya'yan da aka haifa ba tare da auren da gwamnati ta sani ba, iko a kansu na uwa ne da uban da ya amsa su a rubuce, amma in suka saɓa, ikon na wanda yaron ke hannunsa ne, sai in alkali ya yanke wani abu dabam. Niyyar masu rubutun mai kyau ce, ba sa son a riƙa fizgar yaro. To amma a ƙasar da ba a hukunta ƙwace, ma'anarta a aikace ita ce wanda ya riga ɗauka shi ke da ɗa. Ga shi kuma har yau a wannan ɓangaren na ƙasar mai amfani da Faransanci tsohon kundin Faransa na 1804 ne ginshiƙin shari'ar iyali, sabon kundin iyali da ake ta alkawari ya haura shekara 20 yana matsayin daftari. Cadi ma haka nata ya maƙale.

Alhali gwamnatocinmu sun riga sun sa hannu a waje. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Cadi ta amince da ita a 1990, Najeriya a 1991, Kamaru a 1993, sashenta na 11 ya wajabta wa ƙasashe su yaƙi fitar da yara waje ba bisa ƙa'ida ba da ƙin maido su. Ta Afirka kuwa, wadda aka amince da ita a Adis Ababa a 1990, ta fi fitowa fili: sashe na 29 ya ce a hana ɗauke yara ko wane ne ya yi, har da iyaye da masu riƙo. Sannan ga yarjejeniyar Heg ta 25 ga Oktoba 1980, wadda aka yi ta musamman don wannan matsala. Tsarinta mai sauƙi ne: yaron da bai kai shekara 16 ba, in aka fitar da shi ba bisa ƙa'ida ba daga ƙasar da ya saba zama, kotun ƙasar da aka kai shi ba za ta tsaya binciken wa ya fi cancanta da riƙo ba, mayar da shi za ta yi, kotun gida ta yi wannan binciken. Ana sa ran a gama cikin mako 6. Ƙasashe sama da 100 sun shiga, cikinsu har da Maroko da Tunisiya da Turkiyya da Pakistan, don haka mai cewa abin Nasara ne sai ya nemi wata hujjar. Burkina Faso da Gini da Gabon ma suna ciki. Kamaru da Cadi da Najeriya da Nijar kuwa, ba ko ɗaya.

Ina goyon bayan mu shiga, amma ba na ruɗin kaina. In Kamaru ta shiga ita kaɗai, matar da ke Faransa za ta amfana, ta Kusiri ba za ta ga komai ba, domin yarjejeniyar tana aiki ne tsakanin ƙasashen da suka shige ta. Abin da ya fi mana amfani shi ne yarjejeniya tsakaninmu da maƙwabta. Da Cadi akwai tushe, tunda ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya da Kamaru da Cadi ke ciki, suna da yarjejeniyar taimakon juna a fannin shari'a tun 2004. Da Najeriya ne ake bukatar sabon zama. Kamaru da Cadi da Najeriya da Nijar suna tare a Hukumar Tafkin Cadi tun 1964, sojojinsu sun yi shekaru suna yaƙi kafaɗa da kafaɗa, ba dalilin da zai hana alkalin Marwa ya aika wa na Mubi takarda a karɓa. Kuma mun ga hukuma na iya saurin aiki in ta so: a Oktoba 2007, da wasu Faransawa suka yi yunƙurin fita da yara 103 daga Abece ta gabashin Cadi, a filin jirgi aka tare su, kafin shekara ta ƙare an yanke musu hukunci a Njamena.

A cikin gida, abin da nake so dokar ta fara da shi shi ne hujja. Kada a tambayi uwa ko uba takardar kotun da ba su da ita. A tambayi ina yaron yake kwana kafin a ɗauke shi. Wannan kuwa lawan ko jauro ya sani, liman ya sani, rajistar makaranta ta sani, katin rigakafi na asibiti ya sani. Da wannan shaidar alkali ya ba da umarnin a maido yaro cikin kwanaki, ba tare da an biya ko dala ba. Sannan a ba wa hukuncin alkalan fadar lamido daraja: duk sakin da aka kawo gabansu, a rubuta wa zai riƙe 'ya'ya, yaushe ɗayan zai gan su, nawa ne kuɗin ciyarwa, a aika kwafi kotun gwamnati ta buga hatimi. Mutanenmu sun fi sakin jiki da fada fiye da kotu, to a bi da su ta inda suka saba.

Wasu na ba da shawarar a wajabta takardar izinin iyaye biyu ga duk yaron da zai haye iyaka. A nan na ja baya. Na san shingayenmu. Takardar za ta zama sabuwar hanyar karɓar na goro, mai kuɗi ya wuce da yaron da ya ƙwato, gwauruwar da mijinta ya rasu a tsare ta da marayunta a rana tana neman sa hannun mamaci. Kuma mutanen Kusiri da ke kai 'ya'yansu asibiti ko biki a Njamena kullum, ina za su sa kansu? Gara a yi akasin haka: wanda ke tsoron za a gudu da ɗansa ya je ya nemi umarnin hana fita, a aika sunan yaron da hotonsa ga shingayen iyaka da tashoshin mota da tashar jirgin Gaundare a ranar. Wayar da ke yaɗa hoton akuyar da ta ɓata ba za ta gaza wannan ba.

Dole kuma a bar ƙofa ga mai gudun ceton rai. Matar da ake duka ta ɗauki goyonta da dare ta tsere gidan iyayenta a Yola ba ɗaya take da mai ƙwace don ramuwa ba. Ita kanta yarjejeniyar Heg ta yarda a ƙi mayar da yaro in akwai babban haɗari gare shi, kuma duk da haka an daɗe ana kuka da ita a Turai cewa takan mayar da mata da 'ya'yansu hannun wanda suka guje wa. Tamu dokar ta koyi darasi daga nan: a saurari mai gudun, a duba jikinta, a tambayi maƙwabta.

Ɗauri kuwa a bar shi can ƙarshe. Uban da ke gidan kaso ba ya ciyar da kowa, kuma yaron zai tashi da gorin cewa uwarsa ta ɗaure ubansa. Wanda ya maido yaro da kansa cikin wa'adi a yi masa sassauci. Wanda ya taurare, da baffa ko goggon da suka ɓoye yaron suka kuma rantse ba su san inda yake ba, su ne za su ɗanɗana. Haka nan uwar da ke hana uba ganin ɗansa don haushin saki, ita ma a ja mata kunne da gaske, domin ba ƙaramin adadin ƙwacen nan ba ne ke farawa daga uban da ya yi sallama a ƙofar gida aka ce masa yaro na barci, yau da gobe, har zuciya ta ɗebe shi.

Majalisar dokoki a Yawunde na zama sau uku a shekara, Maris da Yuni da Nuwamba, kuma jihohin nan uku na arewa suna da wakilai da yawa a cikinta. Ba sai an jira babban kundin iyali ba, gajeriyar doka mai sassa kaɗan ta isa. In ɗan majalisarku ya zo gaisuwar salla ko ta'aziyya, a tambaye shi wannan. Limamai kuma labarin Umar da Asim ya isa huɗuba guda. Kafin nan, duk wanda aurensa ya mutu kuma akwai 'ya'ya, namiji ko mace, ya daure ya je a rubuta maganar riƙo tun ana ga maciji da juna, ya adana takardar haihuwar yaron da hotonsa na kwanan nan, ya kuma zo makaranta ya gaya mana a rubuce wa aka yarda ya ɗauke shi in an tashi.